Albarkar da Aka Hana Neomar

Tun da Neomar Figuera ya fara cin abinci da ƙwallon besbol, bai taɓa taka fili ba sai ya ji muryar mahaifiyarsa. Yana ɗan shekara goma sha shida wasu Amurkawa suka ɗauke shi daga garinsu na bakin teku, saboda ƙwallo ba ta wuce shi a wurin da yake tsaro cikin fili, tsakanin tasha ta biyu da ta uku. Ya yi yawon ƙananan ƙungiyoyin Amurka har kujerun bas suka san shi. Ya leƙa babbar gasa na ɗan lokaci aka sallamo shi, ya buga a Meziko, ya buga a Taiwan inda ko sunan abin da yake ci bai sani ba. A duk wuraren nan, kafin ya sa safar hannunsa sai ya kira gida ya ce, "Mama, a sa min albarka," ita kuma Doña Eduvigis ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Kowa haka yake yi a Benezuwela, ko sayen burodi zai fita, kuma ba a taɓa jin uwar da ta yi rowar wannan kalma ba.

Sai tasa.

Abin da ya jawo kuwa gasar gida ce, wadda ake yi a ƙarshen shekara. Ƙungiyar Ƙaguwa, da ya saba buga wa duk sanda ya dawo, ta yi musayarsa da wani ɗan wasa mai jefa ƙwallo, ta tura shi wurin Zakaru. Doña Eduvigis kuma 'yar Ƙaguwa ce tun kafin ta yi aure, kuma ƙiyayyar da take yi wa Zakaru ta kai ko a tsakar gidanta kaji mata kawai take kiwo. Da ya kira ta ranar wasansa na farko, sai ta tambaye shi wace riga ce a jikinsa. Ya faɗa mata. Ta ce to ya je ya nemi albarka wurin mai rigar, ta kashe waya.

Da farko dariya ya yi, amma dariyar ba ta daɗe ba. Shekarunsa sun tasam ma talatin da biyar, gwiwoyinsa suna ƙara in ya durƙusa, ga wani mutum ya zo daga Meziko yana zama a bayan raga yana neman 'yan wasa. In mutumin ya ɗauke shi, sana'a ta ci gaba. In bai ɗauke shi ba, sai ya rataye safar hannu ya koma taya mijin yayarsa sayar da kifi.

Kuma kamar an yi masa baki, ƙwallo ta fara raina shi. Ta zo a hankali ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya kama ta, ya jefa, ta wuce kan mai tsaron tasha ta farko ta faɗa cikin 'yan kallo. Wani mashayi ya riƙa yi masa ihu yana tambaya ko a kawo wa tsoho kwando. Ya je wurin goggonsa Nicasia ya roƙa, ta ce ita da 'yar'uwarta coci ɗaya suke zuwa, ya rufa mata asiri. Uwar baftismarsa ta sa masa albarka har da ƙari, amma ranar ma sai da ya zubar da ƙwallo. Daga ƙarshe koci ya kira shi gefe ya ce wasan Lahadi ne gwajinsa na ƙarshe, kuma da Ƙaguwa za a buga.

Ranar Lahadi da safe ya shiga mota ya nufi gida, ransa a ɓace. Ya tarar an baje dogon tebur ana ƙulla ayaka, abincinsu na Kirsimeti, wannan na goge ganyen ayaba, waccan na shimfiɗa ƙullin masara. Uwar tana zaune a kan gaba tana zuba nama, don ba ta yarda wani ya taɓa mata tukunyar ba. Yayarsa Yelitza ta miƙo masa zare ta ce tunda ya kasa kama ƙwallo, ko ɗaurin zai iya.

Bai kula ta ba. Ya cire hula ya ce, "Mama, a sa min albarka."

"Ka ci abinci?" in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba abinci na zo ci ba."

Sai ta yi masa bayani a tsanake, kamar mai koya wa yaro karatu. Ta ce ita addu'arta ba ta faɗuwa ƙasa, kowa ya sani. In ta sa masa albarka, ƙwallo za ta manne masa a hannu, Ƙaguwa ta sha kashi. Wato so yake, da tsufanta, ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya kayar da ƙungiyarta? Yelitza ta ce a raba mana, a sa wa jikinsa albarka ban da hannuwa. Kowa ya fashe da dariya ban da shi.

Nan fa haƙurinsa ya ƙare. Ya jefar da zaren ya shiga faɗa. Ya ce ba shi ya sayar da kansa ba, 'yan Ƙaguwar nata ne suka watsar da shi kamar tsohon takalmi, ko ban kwana ba su yi masa ba. Ya ce a cikinsu ba wanda ya san sunanta, ba wanda ya taɓa kawo mata ko maganin ciwon kai. Ya ce ta fifita riga a kan ɗan da ta haifa, kuma in aka kore shi yau, ita ce.

Doña Eduvigis ta ajiye cokali.

"Kai wawa ne tun kana ƙarami," ta ce. "Ina ruwana da riga? Mutumin nan na Meziko, an ce mini kullum yana filin."

"Shi ya sa ai nake roƙonki."

"Shi ya sa ni kuma na hana. Duk albarkar da na sa maka, tafiya take yi da kai. Na sa maka, ka tafi Amurka. Na sa maka, ka tafi ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba. Ranar da muka binne babanka ka kira ni za ka shiga fili, na sa maka ina tsaye a bakin kabari. Na gaji, Neomar. Cewa na yi bari in yi shiru sau ɗaya in gani ko za ka zauna."

Haushi ya zo da shi, kuma haushin bai tafi ba, sai dai yanzu bai san wa zai ɗora wa ba. Ya ce ai da ta faɗa masa haka tun farko. Ta ce da ta faɗa, da ya zauna yana kallonta da fuskar wanda aka ɗaure, ita kuwa ba ta son wannan.

Ta goge hannu a zane, ta miƙe ta yi masa alamar gicciye a goshi. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tafi, kada ka makara."

Da la'asar ɗin nan ba ƙwallon da ta wuce shi. Ya yi tsalle ya cafe wata da ta doshi bayan fili, ya yi sufa ya tare wata, mashayin nan ma har da kiransa maigida. Zakaru suka ci. Yana fitowa ya tarar da mutumin Meziko a bakin ƙofa ya miƙo hannu yana yi masa tayin aiki, kuma kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya ce to, don duk rayuwarsa abin da ya iya cewa ke nan.

Bai kai mota ba wayarsa ta yi ƙara. Yelitza ce.

"Mama ta saurari wasan a rediyo," ta ce. "Ta ce in tambaye ka yaushe ne jirgin, don ta san ranar da za ta daina sanwa da kai."