Ranar da Aka Yi wa Liman Tafi

A Wurma, in Malam Maniru ya gama sabuwar waƙa, ba ya gayyatar kowa. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar masallaci, ya buɗe takardunsa na ajami, ya fara rerawa. Kafin ya yi nisa mutane sun kama amshi. Tsofaffi na gyaɗa kai, wannan ya ce gaskiya ne, wancan ya yi salati, mata ma daga bayan danga suna bi a hankali. Da haka ake sanin waƙa ta karɓu. In ba a amsa ba, to mai ita ya naɗe takardarsa ya nufi gida.

Mutum ɗaya ne bai taɓa buɗe baki ya amsa ba, Liman Ummaru, ƙanen mahaifin Maniru, wanda ya riƙe shi tun rasuwar uban. Shi a wurinsa tsakanin mai waƙa da maroƙi ba wata tazara, ga shi gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Haƙuri kawai yake yi.

To, a shekarun nan da ajin Yaƙi da Jahilci ya bazu ƙauyuka, sai wani mai zuwa cin kasuwa ya kawo saƙo daga Dutsin-Ma. Wai wani malamin makarantar boko, Malam Lawal, ya ji labarin waƙar damina da Maniru ya yi, yana so ya zo ya karanta ta a taron ƙungiyarsu ta masu son karatu, in an gama a tattauna. Maniru bai san irin tattaunawar da za a yi a kan waƙar da aka riga aka gama ba, amma ransa ya so tafiyar.

Da ya nemi izini wurin Liman, sai Liman ya ja carbinsa ya ce tare za su.

"In na iske majalisin ilimi ne, ka ci gaba da waƙarka," in ji shi. "In na iske dandali ne, da hannunka za ka ƙona takardun nan, kuma magana ta ƙare."

Suka kama hanya, Liman a kan goɗiyarsa, Maniru na biye da gafaka a rataye.

Da suka isa, tun daga ƙofa abin ya fara rikita Maniru. A cikin aji za a yi, an jera bencina, manyan mutane da gemunsu sun zauna kamar 'yan makaranta. Ya nemi inda zai shimfiɗa buzu, Malam Lawal ya ce a'a, a tsaye ake yi, ga tebur can. Sannan ya juya ya roƙi jama'a da su yi shiru tsit har mai waƙa ya gama. Maniru ya ɗauka tari da surutu ake nufi.

Ya yi bisimilla, ya yabi Allah, ya yi salati ga Manzo, ya shiga baitin farko na hadarin gabas. Da ya zo wurin amshi ya rera shi a sarari don su ji: "Shuka tamu, ruwa na Rabbana." Sai ya tsaya, kamar yadda ake yi.

Shiru.

Ya dubi fuskoki, duk shi suke kallo, wasu har da murmushi. Ya ce a ransa ƙila ba su ji ba, ya maimaita. Ko uffan. Ya wuce baiti na biyu, ya sake zuwa amshi, ya sake tsayawa. Ba ka jin komai sai kukan akuya a waje. A Wurma da tuni ya naɗe takarda. Amma nan ba wanda ya tashi, ba wanda ya kau da kai. In sun ƙi waƙar, me suke jira? In sun so ta, ina bakinsu?

Liman yana can bencin baya. Shi fa waƙa ba ta dame shi ba. Amma a bar ɗan gidansu a tsaye gaban baƙi yana miƙa magana ba mai karɓa, kamar wanda ya yi sallama aka ƙi amsa masa, wannan kam ya gagare shi. Da Maniru ya sake zuwa wurin ya tsaya, sai aka ji muryar da ke jan sallar Wurma ta fito daga baya:

"Shuka tamu, ruwa na Rabbana."

Duk aji ya waiwaya. Maniru ya kusa sakin takardun. Haka suka kai waƙar ƙarshe su biyu, ɗa na ja, baffa na amsawa, fuskarsa a murtuke kamar mai shan maɗaci.

Yana rufewa da tammat sai ajin ya ɓarke da tafi. Maniru ya hango Liman. Tafi ai na 'yan mata ne in suna gaɗa a dandali, kuma dandali shi ne kalmar da Liman ya faɗa. Bai gama farfaɗowa ba Malam Lawal ya ce a ƙara wani tafin na musamman ga Malam Liman, da ya taimaka da amshi. Aka ƙara, har da zafi. Liman ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Sai tambayoyi. Abin da Maniru ya sani, mai tambaya a bainar jama'a iri biyu ne, ko jahili mai neman fatawa, ko malami mai neman ƙure ka. Waɗannan ba su yi kama da ko ɗaya ba. Wani Garba, malamin gona, ya tambayi dalilin da ya sa ya ambaci maiwa kafin gero. Maniru ya ɗaura ɗamarar kare kansa, ya ce ƙafiya ce, wato amsa-amo, ta kawo haka, in kuma kuskure ne a gyara masa. Garba ya ce ba kuskure, shi dai ya ji daɗi ne, ya zauna. Wani ya ce me ya ji a ransa sa'ad da yake rubutawa. Maniru ya yi tunani, ya ce gaskiya ranar zafi ake yi. Aka yi dariya, wani har ya rubuta. Can mutum biyu suka kama gardama a kan abin da yake nufi da hadarin da ya taso bai zubar ba, ɗaya ya ce duniya ce, ɗaya ya ce 'yan siyasa ne. Maniru na tsaye tsakaninsu kamar mamacin da ake rabon gadonsa. Shi hadari yake nufi, wanda ya wuce gonarsa ya zuba a Kurfi, amma ba wanda ya tambaye shi.

Washegari suka kamo hanyar gida. Liman na gaba a kan goɗiyarsa. Maniru na biye, hannunsa a kan gafakar, yana ta yi wa takardun bankwana a zuci. Da rana ta ɗaga sai Liman ya waiwayo.

"Kai, Maniru. Abin nan na jiya, mi ne ne shi?"

"Wallahi Baffa, ban sani ba."

Liman ya shiga lissafi a bayyane, kamar da goɗiyar yake. Ba ganga, ba kalangu, ba wanda ya miƙa ko goro da sunan kyautar roƙo. Sun yi shirun da ko a huɗuba mutanen Wurma ba su taɓa yi masa ba. Amma sun yi tafi. In ya ce dandali ne, to Limamin Wurma ya yi waƙa a dandali an tafa masa, kuma hayaƙin takardun shi zai fara ba gari labari.

"Ba ni yanke hukunci kan abin da ban gane ba," in ji shi. "Aje takardunka. In sun sake kiranka, ka ɗebi masu amshi daga gida. Ni na gama nawa."

Maniru ya yi godiya. Suka ɗan taɓa tafiya, abin dai na cin sa, ya kasa haƙuri.

"To Baffa, waƙar ta karɓu ko ba ta karɓu ba?"

"Mutum ɗaya dai ya amsa," in ji Liman, ya zunguri goɗiyarsa.