Lalas a Kan Haris

Ni Rakiya ba na shiga faɗan miji da mata, amma ranar da aka hura wa ɗan ƙanwata wuta, har da taɓarya na shiga.

Lantana ce ƙanwar tawa. Mijinta Abdulgani mai jan ruwa ne a wata rijiya kusa da Tarka, shi ke shayar da garken Buzaye. Rijiyoyin ƙasar Damargu kuwa zurfi gare su, sai bijimin sa ya ja igiya har ya kusa ɓacewa kafin guga ya fito. Idan san ya gaji, Abdulgani ya jiƙa masa ƙwayar tramol a ruwa. Idan Lantana mai kora san ta gaji, ya jefa mata a shayi. Haka ta yi ta sha da cikin Haris, ko wata guda ba ta huta ba.

Yaron ya zo duniya yana karkarwa, yana wani kuka siriri da ba ya yankewa. Yanzu ya kai shekarun da sa'o'insa ke bin awaki, shi kuwa ko "Inna" bai iya ba. Ƙara kaɗan sai ya sandare, ko ya yi ta buga kai da ƙasa. Likita a Tanout ya faɗa musu ƙwayar ce ta bi jini ta taɓa ƙwaƙwalwa tun tana haɗuwa, sai lallashi da haƙuri. Abdulgani ya ce ƙarya ne, iska ce. Laifi tudu ne, ai.

Sai ya kira Rissa maƙeri, mai yi wa raƙuma lalas idan sun gurɗe, wai ya ɗora wa yaron jan ƙarfe a gefen kai biyu iskar ta fita. Ihun Lantana ne ya fito da ni daga gidana. Na tarar Abdulgani ya danne Haris da gwiwa, yaron na kumfa, ƙarfe ya yi ja cikin garwashi.

Rissa ya dubi kan yaron, ya ja da baya. "Wannan ba raƙumi ba ne, Abdulgani. Ba ni yi."

"To matsa!" Abdulgani ya fizgi ƙarfen da kansa.

Lantana ta yi tsalle ta cafke jan bakin ƙarfen da tafin hannunta. Na ji ƙauri kafin na ji ƙararta. Ba ta saki ba.

"Malam, ni za ka ƙona! Ni na haɗiye, kai ka ba ni!"

Ya kwaɗa mata mari da hagu, ya ƙara, leɓenta ya fashe. Ya shure ta a ciki ta faɗi kan murhu, har yanzu ƙarfen na hannunta. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ɗauki taɓarya na sauke masa a damtse, na ji ƙashi ya ce ƙas. Na sake ɗagawa, wallahi kansa na nufa, Rissa ya riƙe ni ta baya.

Abdulgani ya zube yana birgima. "Yaya, kin karya ni! To me zan yi masa? Ku gaya mini me zan yi masa!" Kuka yake yi da gaske, ni kuwa ban ji tausayinsa ba sai daga baya.

Na saɓa Haris, Rissa ya kama Lantana, muka fita. Ko tabo babu a kan yaron.

Suna gidana tun ranar. Tafin Lantana ya warke a dunƙule, yatsun sun manne, ba su ƙara buɗewa ba. Idan abin Haris ya taso ba ya yarda da kowa sai ita, da hannu guda take rungume shi, shi kuma kullum ƙarfi yake ƙarawa.