Buzuzu a Bakin Jinga

Hantsi ne, amma rana ba ta leƙo ba. Ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke ya bar sama fara fat, kogin Kwara kuwa ya cika ya batse har ido ba ya gane inda ruwa ya ƙare da inda sama ta fara. Itatuwan da ke can yamma, wajen iyakar Benin, sai ka ce a iska aka rataye su.

Manu yana zaune cikin Buzuzu, hannuwansa bisa sandunan tuƙi, yana kallon sawun da ya bari a laka. Sawun bai miƙe ba. Ya lanƙwasa hagu, ya zagayo, ya dawo ya haɗu da kansa kamar faifai.

Buzuzu 'yar ƙaramar motar kwasar ƙasa ce mai gajerun tayoyi huɗu da babban bokitin ƙarfe a gaba. Ƙungiyar manoman shinkafa ta Tungar Kaiwa ta sayo shi ɗan Kwatano, kuma ranar da aka sauke shi mata suka gan shi yana tura ƙasa da goshi suka raɗa masa sunan. Ba shi da sitiyari. Sanduna biyu ne, ta hagu tana tuƙa tayoyin hagu, ta dama tana tuƙa na dama, kuma man haidirolik ne ke kai ƙarfin inji zuwa gare su ta cikin tiyo. In aka tura sandunan tare ya tafi sak. In gefe ɗaya ya yi sanyi, to sai zagaye. Manu, wanda ya tashi a bayan shanu kafin shanun su ƙare, shi ya fi kowa haƙurin koyonsa, don haka aka bar masa.

Jiya da yamma jingar da ke tare Kwara daga fadama ta ɓalle, wuri kamar faɗin ɗaki. Ruwa yana shiga ba tare da hayaniya ba, yana bin gonaki daga ƙasa zuwa sama. Shinkafa ta fara ja. Gonar Baba Ɗanmusa, tsohon masuncin da ke gyaran jiragen ruwa a mashaya, ita ce ta farko a ƙasan ɓarakar. Ta Innar Manu tana tsakiya. Maza sun shiga ruwa har ƙugu suna jera buhunan yashi, ruwan yana janye su ɗaya bayan ɗaya. Jar ƙasa mai nauyi ake bukata, ga ta can tsibi guda a kan tudu, kuma in ba Buzuzu ba babu mai kawo ta kafin rana ta faɗi.

Da safe Buzuzu ya tashi lafiya. Ya yi sawu kaɗan, sai ya fara wani kuka siriri daga cikinsa, kamar sauro a kunne, kukan yana ƙaruwa duk sanda aka ɗaga bokiti. Daga nan hagu ta mutu. Manu ya tura sandar har ƙarshe, tayoyin suka yi kamar suna tunani, Buzuzu ya juya a hankali ya fuskanci inda ya fito.

Baba Ɗanmusa yana wucewa cikin jirginsa da buhuna. Ya dafa gora ya tsaya.

"Bafillace, saniyar taka rawa take koyo?"

"Ta ga kana kallo ne, Baba. Kunya take ji."

Tsohon ya yi dariya ya tura jirgi. Tun da aka kawo Buzuzu a gindin tsamiyar mashayarsa yake kwana, kuma tsohon ke gadinsa ba wanda ya sa shi. Yakan rufe shi da tsohuwar taru, ya kori awaki daga tayoyinsa.

Manu ya kashe inji ya sauko. Bai san wata hanyar duba maras lafiya ba sai irin ta shanu, daga ƙafa zuwa ciki. Ya bi tayoyin yana bugu da tafin hannu, duk iskarsu ɗaya. Ya kwanta a laka ya leƙa akwatin sarƙar da ke juya tayoyin hagu, sarƙar tana nan ba ta tsinke ba. Ya shafa tiyo ɗaya bayan ɗaya yana neman jiƙa, bai samu ba. Sannan ya zagaya baya ya buɗe murfin tankin mai, ya tsoma tsinke. Mai yana nan a cike, garau, kalar zuma. Ya mayar da murfin ya tayar.

Buzuzu ya tafi sak kamar bai taɓa ciwo ba. Mutanen da ke cikin ruwa suka ɗaga kai, wani ya ce Alhamdu lillahi. Manu ya kai ƙasa, ya juye, ya koma, ya sake kawowa. A sawu na gaba kukan ya dawo.

Ya hau tudu don ya kira Shamsu, bakaniken Bagudo da ya koya masa tuƙin. A nan wayar takan bar layin gida ta kama na Benin, wata mata ta yi ta magana da Faransanci, sai mutum ya yi ta juyawa da waya a sama har ya dace. Da ya samu, Shamsu ya ce hanya ta yanke a gada, ko babur ba ya wucewa. Ya tambayi mai, ya tambayi tiyo da sarƙa, ya ce a cire filta a duba, a kuma duba ƙarfen da ke haɗa sandar hagu da famfon mai ko ya saki. In duk lafiya suke, in ji shi, to famfon hagu ne ya gaji, kuma wannan sai an aika Kwatano.

"Kwatano, Oga? Ruwan nan ba ya jiran la'asar."

"Na sani, Manu. Yi a hankali dai. Injin ba ya ƙarya, ka saurare shi."

Manu ya cire filta, babu datti. Ya ɗaure ƙarfen sandar ko da yake bai saki ba. Ya sake buɗe tanki ya tsoma tsinke, don hannunsa ya rasa abin yi. Ya tayar, Buzuzu ya warke, ya yi sawu biyu ya koma zagaye. Haka suka yi ta yi har azahar, ƙasar da yake kaiwa ba ta isa ta tsaya ba kafin ruwa ya lashe ta.

Bayan salla ya zauna cikin motar bai tayar ba. Zafi mai ɗanshi ya sauko. Daga nan sama yana ganin fadamar duka, kore da ja-ja, da wani farin abu mai sheƙi yana shigarta ta gefe kamar madubi. Balbelu sun jeru a bakin farin suna ja da baya kaɗan-kaɗan. Gonar Baba Ɗanmusa ta koma kawunan shinkafa kawai a bisa ruwa. Manu ya ji idonsa yana nauyi. Ya ga kamar Buzuzu ya tashi da kansa ya gangara cikin Kwara, yana zagaye a kan ruwa, yana faɗaɗa zagayen har ya wuce Lolo, ya wuce Illo, shanun mahaifinsa suna biye da shi a layi, ruwa bai kai musu gwiwa ba.

Muryar yayarsa Hussaina ce ta dawo da shi. Ta kawo masa fura a kwano.

"Ana can ana nitsewa, direba yana barci. Inna ta ce in tambaye ka, ta fara yankan ɗanya ko ta jira ka?"

Ya ce ta jira. Hussaina ta dube shi, ta dubi Buzuzu, ta ce ita dai tun safe take kallo daga tudu, abin da ta gani shi ne in ya je bayansa ya shafa shi sai ya tafi, kamar jakin da ya saba da lallashi. Ta ajiye kwanon ta juya.

Manu bai sha furar ba. Ya tayar da injin, ya ɗaga bokiti sama ya sauke, ya ɗaga ya sauke, har kukan ya zo. Sai ya kashe, ya zagaya baya, ya kara kunnensa a jikin murfin tankin, ya murɗa shi a hankali.

Tankin ya ja iska. Dogon ja, fuuu, kamar wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa ya fito.

Ya tsaya da murfin a hannu. Ya tuna mai shayi ba ya huda gwangwanin madara wuri ɗaya, sai biyu, in ba haka ba madarar ta ƙi zuba. Ya kifa murfin ya duba ƙarƙashin leɓensa. Akwai 'yan ƙananan huji a jere, zagaye da shi, kuma kowanne an cika shi da auduga da kwalta, an shafe sumul. Aiki ne mai kyau. A kan ɗaya har ana ganin zanen babban yatsa. Duk jirgin da ke mashayar Tungar Kaiwa yana ɗauke da irin wannan shafin a cikinsa.

Ya roƙi fetur kaɗan a wurin wani mai babur, ya tsinko ƙayar bagaruwa, ya rufe bakin tankin da hularsa, ya zauna a inuwar taya yana tsokalo kwaltar. Yana cikin yi Baba Ɗanmusa ya hauro daga ruwa, wandonsa a naɗe, ya tsaya a kansa.

"Kai, mi kake ɓata min? Shekaranjiya na zauna na toshe maka su ɗaya-ɗaya, da na ga hadari. Mutane su ƙera ƙarfe mai kyau haka, su bar shi da huji kamar rariya. Da ruwa ya shiga man fa?"

Manu ya duba hagu da dama. Babu kowa kusa. Ya ci gaba da tsokala, bai ɗaga kai ba.

"Allah Ya saka, Baba. Amma nan ne hancinsa. Ta nan yake shan iska."

Tsohon ya karɓi murfin ya ɗaga shi sama, haske ya ratso ta hujin da aka buɗe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi sawun da ke zagaye a laka, ya dubi ɓarakar, ya dubi inda gonarsa take. Ya miƙa wa Manu murfin da hannu biyu, ya gangara. A rayuwarsa bai taɓa ganin hujin da ake bari da gangan a jikin abin da ke kusa da ruwa ba.

Buzuzu ya tashi, kuma bai sake kuka ba. Shugaban ƙungiya ya biyo shi da gudu yana tambayar abin da ya faru, Manu ya ce datti ne ya toshe murfi, ya wuce.

Daga nan ya daina sanin lokaci. Tudu, jinga, tudu, jinga. Jar ƙasa tana zuba, maza suna dannawa da ƙafa suna ɗora buhuna, ruwan ya rine ja, ya rage faɗi, ya koma kamar kwata, ya koma kamar zare. Gajimare ya tsage ta yamma, rana ta fito a karon farko, ƙasa-ƙasa, ta mayar da fadamar ruwan tagulla. Da bokitin ƙarshe ya sauka sai wurin ya yi shiru, irin shirun da ke sa mutum ya gane ashe tun jiya yana jin ƙarar ruwa.

Ruwan ya tsaya a kunyar farko ta gonar Inna. Abin da ke ƙasa da nan ya tafi. Mutane suka fito suna matse riguna, suna yi wa juna barka da jaje a haɗe, suka nufi gari. Hussaina ta ɗauki kwanonta ta ce furar ta yi tsami, shi ya sani.

Manu ya juya Buzuzu zai kai shi gindin tsamiya, sai ya hango jirgi guda a tsakiyar ruwan da ya rage cikin fadama. Baba Ɗanmusa ne shi kaɗai, a durƙushe, hannunsa cikin ruwa har kafaɗa, yana lalubo kawunan shinkafarsa yana yanka da lauje. Jirgin ya cika har ya kusa shan ruwa. Ya turo shi bakin jinga, ya tsaya yana kallon gangaren, laka ce mai santsi, ga tsayi, ga masussuka can nesa a kan tudu. Ya fara tattara dami ɗaya zai aza a ka.

Manu ya gangara da Buzuzu a hankali har tayoyin gaba suka taɓa ruwa. Ya sauke bokitin dab da bakin jirgin, ya rage wutar inji, ya jira.

Tsohon bai dube shi ba. Ya ɗan tsaya da damin a hannu, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa, sannan ya sa shi cikin bokitin. Ya sa na biyu. Da jirgin ya zama wayam ya ɗauki gorarsa ya tura, ya koma cikin gonar. Manu ya ɗaga bokitin, ya tura sandunan biyu tare, ya hau tudu da jiƙaƙƙiyar shinkafa tana zubar da ruwa a bayansa.