Rantsuwar Koci Hashim

Ƙafar Hashim ta ƙi zuwa. Ya wanke fuska, ya wanke hannuwa, ya shafi kai, amma da aka zo kan ƙafa sai gwiwar dama ta ce ba da ita ba. Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa a Suleja, ga shi zaune a kan bulo a bayan kotu, buta a hannu, yana hangen yatsun ƙafarsa kamar na wani.

"Koci, kawo," in ji Emmanuel. Ya karɓi butar, ya durƙusa, ya shiga zuba masa ruwa. "Haka kuke yi? Har ina?"

"Har idon sawu."

Emmanuel ɗan coci ne, bai taɓa riƙe butar alwala ba sai yau. Shi ne gwanin ƙungiyar ƙwallon kwandon da Hashim ke horarwa a wani fili mai tsattsagen siminti a Iku. Da safe dakon bulo yake yi a sababbin gine-ginen Maje, da yamma ya zo da siminti a gashinsa ya yi ta jefa ƙwallo a kwando har a kira magariba. Makon jiya wani wakili ya zo daga Abuja, ya kalle shi na ɗan lokaci, ya ce wata makarantar horar da 'yan wasa a Turai za ta ɗauke shi. Sharaɗin ɗaya ne, kada ya kai shekara ashirin. Gobe Juma'a kuma za a rufe karɓar takardu.

Emmanuel kuwa shekararsa ashirin da biyar cif.

Duk wanda ke cikin harkar ya san maganin wannan. Kotu ake zuwa, wani babba ya rantse cewa a kan idonsa aka haifi yaro a shekara kaza, a buga hatimi, shi ke nan an sake haihuwa. Mahaifin Emmanuel ya rasu. Mahaifiyarsa ta ce ita da ta yi naƙudarsa ba za ta ɗora hannu a kan littafin Allah ta yi ƙarya ba. Shi ne ya dawo kan Hashim, kwana uku yana binsa, daga fili zuwa gida, daga gida zuwa ƙofar masallaci, har Hashim ya gaji ya ce su je.

"Tsaya," in ji Hashim, da Emmanuel ya miƙa masa takalmi. "Ka san shekarata nawa?"

"Talatin da bakwai. Na gani a waya."

"Arba'in da huɗu."

Bai taɓa faɗa wa ɗan wasansa ko ɗaya ba. Yana da ashirin da shida ya bar garin nan da fasfo mai cewa sha tara. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga wasa a waje, Tunisiya, Fotugal, Angola, ana kiran sunansa a lasifika ana lanƙwasa shi yadda aka ga dama. Da gwiwa ta fara ciwo, likitocin kulob suka duba takarda suka ce yaro ne, jikinsa zai ɗauka. Suka yi ta ɗirka masa allura yana shiga fili. Ya san ciwonsa na mai shekaru ne, amma da wane bakin zai faɗa? Haka ya yi shiru har gwiwar ta ƙare, aka sallamo shi da rigunan wasa cike da akwati da wata 'yar takardar shaidar horarwa. Da ita ya tara samarin Iku. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya nuna musu yadda ake tashi sama da baki kawai.

Duk ya zayyane wa Emmanuel wannan. Ya ɗauka zai ga tsoro a fuskarsa.

"Amma ai ka je, Koci," in ji Emmanuel a hankali. "Ka shiga jirgi. An kira sunanka. Ni gwiwata a Maje za ta ƙare, ƙarƙashin bulon wani. Abeg, ka ba ni sha ɗayan nan irin naka, su ɗauki gwiwar. Wallahi na yarda."

Tausayi ya kama Hashim, da haushi, don ya san ko shi aka mayar baya amsar da zai bayar ke nan. Ya dafa kafaɗar Emmanuel ya miƙe.

Ofishin rantsuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka na juyawa kamar an tilasta mata. Ma'aikaciyar da ke kan tebur, wadda tun farko ta aiko masinja ya ce mai rantsuwa ya je ya yi alwala, ta ɗago kai ta sauke tabarau.

"Ikon Allah! Hashim Dogo?"

Mairama ce. Benci ɗaya suka zauna a firamare, ita ce ke ba shi satar amsa a lissafi.

"Kana nan ashe? Ni kam jikokina biyu." Ta karɓi katin shaidarsa, ta duba shekarar da ke jiki, ta dube shi. "Ashe ƙanena ne kai ban sani ba." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta kalli Emmanuel tun daga ƙasa har sama, ta kalli faɗin kafaɗarsa da gemun da aka aske da safen nan. Shekara ashirin tana wannan aiki, ba sai an gaya mata ba.

"Mene ne haɗinku?"

"Mariƙinsa ne ni."

"To. Ni a teburina ba a sa hannu kawai a tafi, sai an dafa." Ta nuna masa Alƙur'ani a kan kanta, naɗe cikin koren ƙyalle. "Ɗauko da kanka."

Ya ɗauko. Ya dafa shi da hannun nan da ke riƙe ƙwallo da yatsu kamar lemo. A bayansa yana jin numfashin Emmanuel, sama-sama, irin na wanda zai yi jifan ƙarshe.

"Wace shekara aka haife shi?" in ji Mairama, biro a hannu.

Dubu biyu da shida. Tun a kan hanya suka yi ta bitarta. Hashim ya roƙi Allah a zuciyarsa ya kawo wani abu, ko wuta ta kama, ko a kira Mairama, ko me. Ba abin da ya zo.

"Shekarar dubu biyu," ya ce.

"Koci," in ji Emmanuel. "Koci, don Allah. Da shida."

"Dubu biyu daidai."

Mairama ta rubuta, ta buga hatimi ba tare da ta ɗago ba. Emmanuel ya karɓi takardar da hannu biyu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ninke ta sau huɗu, ya ajiye a kan teburin gaban Hashim.

"Na gode, yallaɓai," ya ce, ya fita.

Hashim ya bi shi, yana jan ƙafa, yana kiran sunansa. Kafin ya sauka matakala uku Emmanuel ya riga ya tsallake harabar. A bakin ƙofar kotu, ƙarƙashin wani mangwaro, akwai dattawan da ke zama kullum, waɗanda sana'arsu ke nan, su zama kawun duk wanda ba shi da kawu. Emmanuel ya durƙusa gaban ɗaya daga cikinsu, suka yi magana kaɗan. Tsohon ya tashi, ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ce a wannan ofishin matar tana da tsanani, su tafi wata kotun.

Suka tsayar da Keke Napep. Hashim ya iso bakin titi yana haki, daidai lokacin da tsohon ke tattara rigarsa zai shiga. Ya ji shi yana tambaya, cikin fara'a:

"Af, ɗana, yaya ma sunanka?"