Unguwar Masu Tsayuwa a Dokin Ƙofa

Barci ya ɗauke ni da rana tsaka, a kan kujera, ban ko cire ɗankwalin zumuntar matan majami'a ba. Bazara ce, irin wadda kaji ke buɗe baki su lafe a gindin randa. Amma kafin in faɗi abin da na gani, bari in faɗi halin da barcin ya same ni a ciki, kada wata ta ce tsufa ne ya fara taɓa kan Malama Afiniki.

Na yi shekaru ina koyarwa a makaranta, na yi wasu ina koyar da matan zumunta. Idan aka ce wata ta buɗe taro da addu'a, ni ake waiwaya a kalla. Sai dai tun bara wani abu ya ƙafe a cikina. Ba masifa ce ta same ni ba, ban yi faɗa da kowa ba, ban kuma daina zuwa majami'a ba. Ina zuwa, ina zama a bencina, ina buɗe baki idan ana waƙa, zuciyata kuwa kamar tukunyar da aka kife. Na faɗa wa Rabaran, limamin majami'armu, ya ce in yi azumi. Na yi, yunwa kawai na ji. Magajiyar zumunta ta ce in je taron farkawa. Na je, na dawo da ciwon kai saboda lasifika. Ni dama ban iya karɓar magana don kawai kowa yana faɗinta ba.

A ranar, ina dawowa daga zumunta na tarar da Loyis a ƙofar gida. 'Yar Damaris ce, Damaris kuwa ƙawata ce tun muna ɗebo ruwa a rafi ɗaya. Asibiti sun sallamo Damaris, ba don ta warke ba.

Loyis ta ce, "Mama, Inna ta ce ki zo ki yi mata addu'a. Wai ke take so, ba Rabaran ba."

"Yaya jikin nata?"

"Ko kunu ba ya wucewa."

"Ki ce mata tana cikin addu'ata."

Ta ce, "Haka kika ce wancan makon, Mama." Ta gyara goyonta ta tafi.

Na shiga na zauna. Babu wata addu'a da Damaris take ciki, domin addu'ar ce babu. Abin da ya hana ni zuwa ke nan. Ta san muryata fiye da kowa, ina buɗe baki za ta ji cewa ba kowa a bayan kalmomin. Ina cikin wannan tunani idona ya rufe.

Sai na gan ni a cikin wani birni mai doguwar ganuwa. Na juya in ga ƙofar da na shigo, babu ita, bango ne a shafe. Rana tana tsaye a tsakar ka, ba ta gaba ba ta baya, ko tsintsiya ba ta da inuwa. Ta ko'ina ana buga ƙararrawar majami'a, bugun farko, wanda ake yi don mutane su fara shiri. Na kasa kunne in ji na biyu, na shiga sujada. Har na bar birnin bai zo ba.

"Malama, kin makara, kamar yadda kika saba."

Malam Barnaba ne, maigidana, marigayi, wanda ya daɗe da yin barci cikin Ubangiji. Yana sanye da farin kaftaninsa, ya goya hannu a baya kamar zai zaga azuzuwa.

Na ce, "Malam, nan kake?"

"A'a. Aiko ni aka yi in yi miki rakiya."

"Nan ɗin ina ne?"

"Inda ake barin mutum da abin da ya zaɓa."

"To ina wutar? Tun muna yara da wuta ake ba mu tsoro."

Ya girgiza kai. "Har nan ma da gardamarki kika zo? Biyo ni. In mun gama sai ki gaya mini ko wuta ce ta fi."

Muka fara shiga wata majami'a mai girma, bencinta duk babu kowa. A kan bagadi wani mutum ne cikin kwat, gumi ya jiƙa shi sharkaf, muryarsa ta dushe. Yana cewa, "Daga ƙarshe, 'yan'uwa," sai ya ɗauko wani sabon batu. Can ya sake cewa, "Daga ƙarshe." Na duba, matakalar saukowa daga bagadin babu ita.

Na ce, "Wannan me ya yi?"

Malam ya ce, "Makiyayi ne. Ya san daɗin muryarsa, bai san hanyar gidan ko ɗaya daga cikin tumakinsa ba. Mutum ya mutu a bayan katangarsa, sai a sanarwa ya ji. Magana yake so, an bar masa ita."

Muka wuce wani ƙaramin ɗaki mara taga. Dattawan ikkilisiya ne a zaune, suna gardama a kan wanda zai zauna kusa da babban baƙo ranar buɗe sabon gini. Kujerun sun manne da bayansu, katako ya shige cikin nama. Daga waje ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, irin ƙwanƙwasar mai jin kunya. Duk lokacin da aka buga, sai shugabansu ya ce, "A kai wannan zama na gaba," sauran su amsa, "An yarda."

"Wa ke bugawa?"

"Gwauruwa ce da 'yan'uwan mijinta suka ƙwace mata gona. Ita ta daɗe da samun hutu. Bugun nata ne aka bar musu."

'Yan'uwan mijin ma na gan su, a bayan ɗakin, kowa da fartanya, suna noma a gonar da suka ƙwace. Shingen ƙaya ya kewaye ta. Duk kunyar da suka kai ƙarshe, sai shingen ya matso taku ɗaya. Sun riga sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, amma hannuwansu sun ƙi sakin fartanya.

Daga nan muka ratsa wata kasuwa. Rumfuna ne jere, cike da ƙananan kwalabe. Waɗannan su ne masu man warkarwa, da suka ce wa marasa lafiya su zubar da maganin asibiti in dai suna da bangaskiya. Kowannensu yana ɗauke da ciwon wanda ya yaudara: wannan ƙafa ta kumbura, wancan yana tari, wata tana birgima da naƙuda. Ba su da magani sai kwalaben nasu, suna ta shafawa.

Malam ya ce, "Ba ciwon ne hukuncin ba. Su sun san man gyaɗa ne a ciki."

A wani fili kuma na ga mata cikin anko, suna buga tulu, suna waƙar salama. Baiti ɗaya suke ta maimaitawa, kowacce ta juya wa ta kusa da ita ƙeya. An ce musu waƙar za ta ƙare da zarar ɗaya ta gai da 'yar'uwarta. Kowacce tana jira a fara gaishe ta.

Ba zan ɓoye ba, a nan na fara jin ƙarfi. Na ce, "Malam, duk waɗannan ai ni na daɗe ina faɗa. Sau nawa nake dawowa daga sujada in zayyana maka su ɗaya bayan ɗaya, kana cewa in bari ka ci tuwonka?"

Ya ce, "Kin faɗa. Idonki bai taɓa kuskure laifin wani ba. Saura unguwa ɗaya."

Muka shiga wani lungu siriri, an share shi tas. Nan babu ihu, babu ƙaya. Ƙofofi ne dama da hagu, kowacce da labule, daga ciki kuma ana jin nishin mara lafiya, ko kukan mai makoki, ko shirun wanda ya gaji da jira. A kowane dokin ƙofa mutum ne a tsaye, da tufafi masu tsabta da fuskar mutunci. Na ga malamai, na ga mawaƙa, na ga iyaye mata irina. Ƙafafunsu sun nutse cikin daɓe har idon sawu, ba su shiga ba, ba su koma ba. Kowa ya sunkuyar da kai wajen labulen yana cewa a hankali, "Kana cikin addu'ata. Kina cikin addu'ata."

Na ce, "Waɗannan wa suka cuta?"

"Ba su ƙwaci gonar kowa ba. An kira su ne, suka aika da magana a madadin kansu. Maganar kuma ba komai a cikinta."

"In na cikin ɗakin ya mutu fa?"

"Sai labulen ya daina motsi. Mai tsayuwa ya ci gaba da tsayuwa."

Na duba gaba, na ga irin waɗannan ƙofofi, labulensu a sandare kamar an zana. Na ce mu koma. Na juya, bakin lungun ya rufe. A gabana ƙofa ɗaya ce da ba kowa a bakinta, da labule mai ruwan bula wanda ni da kaina na raka Damaris ta saya. Daga ciki na ji tarinta. Ban san lokacin da na taka dokin ƙofar ba, sai na ji daɓen ya kama ƙafata kamar laka mai sanyi.

Na ce, "Malam, wannan ba adalci ba ne. Ni na ƙi yin munafunci ne. Ka fi son in shiga in jero mata kalmomi masu daɗi alhali ba na jin komai? Na yi azumin, na je taron, rijiyar ta ƙi kawo ruwa. Laifina ne?"

Ya ce, "Ba a ajiye kowa a nan don ya bushe. Bushewa tana zuwa wa kowa. Ni ma ta zo mini, shekarar da muka binne ɗanmu na fari, ina jan sujada ba na jin ko kalma ɗaya tana wuce rufi."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Da na gaya miki da kin kawo hujja. Ki ji, Malama. Masu bushewa da yawa sun bi ta lungun nan sun wuce, domin sun shiga ɗakin a bushe. Ke kin ce ba ki karɓar abin da kowa yake faɗa, amma akwai guda da kika haɗiye ba ki tauna ba: wai sai mutum ya cika sannan ya je gaban Allah. Wa ya koya miki? Ubangijinmu da kansa, a daren da za a bashe shi, me ya nema a wurin abokansa? Wa'azi? Cewa ya yi su zauna kusa, su yi tsaro tare da shi."

"Su ma ai barci suka yi."

"Sun yi. Ke yanzu me kike yi?"

Na yunƙura in zare ƙafata, daɓen ya ƙara riƙe ta.

Ya ce, "Ba gaskiya kike karewa ba. Sunanki kike karewa, kada Damaris ta ji Malama Afiniki ta rasa abin faɗa."

Na miƙa masa hannu. "To ja ni."

"Rakiya aka ba ni izini, ba ja ba."

Ya juya, bangon ya buɗe masa ya rufe. Lungun ya matse har kafaɗuna suna gogar katanga. Lakar ta kai ƙaurina. Tarin Damaris yana ta raguwa, tsakanin ɗaya da ɗaya yana ƙara nisa. Na buɗe baki in kira sunanta, abin da ya fito shi ne, "Kina cikin addu'ata." Na sake gwadawa da dukan ƙarfina, shi ne dai ya sake fitowa, a hankali, cikin ladabi, da muryata ta buɗe taro. Ina kallon labulen, iskar da ke kaɗa shi tana kwantawa.

Na farka a jiƙe da gumi, ƙafafuna sun yi sanyi sun mutu saboda zama. Rana ta yi la'asar. Na yi ta dukansu da hannu har jini ya dawo. Ban tsaya wanke fuska ba. Na fita da takalmi wari da wari, ina tafe ina kasa kunne ko zan ji kuka daga unguwarsu, abin da kawai nake iya cewa shi ne, "Ubangiji, kada labulen ya tsaya. Kada ya tsaya." Sai da na kai rabin hanya na lura da wa nake magana.

Ba kuka a gidan. Loyis tana wanke kwano a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni, ta nuna ɗakin da haɓa. Na isa dokin ƙofar. Na ɗaga ƙafa na tsallake.

Damaris ta rame har na kusa kasa gane ta, amma idon nata ne. Ta ce, "Sarauniyar gardama. Sai yau?"

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Damaris, na zo, amma ba ni da addu'a. Tun bara ba ni da ita. Ƙarya nake aiko miki."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Kina tsammani ban sani ba? Ni ma tawa ta ƙare tun a asibiti. Rabaran in ya zo, tasa a cike take, sai in ji kunya. Shi ya sa na ce ke."

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Nata da zafi, ba nauyi.

Ta ce, "Rufe ido, Afiniki. Mu je gaban Allah haka nan."