Wayar da ke Gefen Kujerar Alƙali

…tun safe, in ji su. Tun safe! Alƙali Nata'ala yana tsaye bakin banɗaki, ruwa na jiƙa masa silifas, ga ɗansa Abdulƙadir yashe cikin baho da riga da wando, leɓe ya yi fari fat. Warin nan kuwa ya san shi. Shekara da shekaru ana shigo masa da shi kotu, a bakin direbobi, a rigar 'yan tasha. Yau ga shi a gidan haya na unguwar Thamesmead a London, a bakin wanda shi da kansa ya yi wa huɗuba a kunne.

Giya ƙazanta ce. Wannan babu gardama, ba a kuma yi mata kwaskwarima. Musulmin da ya sha, bulala. Haka ya saba yankewa, haka zai yanke gobe… gobe? Yaron nan zai kai goben?

Murja, ƙanwar Abdulƙadir, tana falo tana kuka cikin waya, tana kwatanta wa masu motar asibiti gidan. Sai yanzu. Zuberu, abokin karatunsa ɗan Kumasi, durƙushe yake, ya tallabi kan da ke langaɓewa. Sun sheƙa masa ruwan sanyi. Sun ɗura masa madara, sun ɗura manja da cokali — manja! Masu karatun lauya a Aldwych, littattafai har rufi, ga abin da kansu ya ba su. Jarrabawa ya faɗi, wai. Jiya sakamako ya fito, ya kwana waje, Zuberu ya lallaɓo da shi da hantsi. Wa ya gaya wa uba? Babu.

Uban da likita ya ce ya zo London ya huta. Hawan jini. Hutu a ina? Shari'ar filin nan ta biyo shi har cikin jirgi… gonar marayu, ga mai kaki yana so. Ranka ya daɗe, an ce a duba. An ce daga sama. Wa ya ce? Ba a faɗa. In ya yanke gaskiya a tura shi ƙauyen da ba ruwa ba wuta, in ya yanke ƙarya — kabari fa? Barci ya ƙaurace, tuwo ba ya wucewa. Shi ya sa tun da ya idar da asuba ya dasa kujera gefen waya, yana jiran rajistara ya bugo daga Kaduna. Kada wanda ya taɓa min wayar nan. Da bakinsa ya faɗa.

Waya ɗaya ce a gidan.

Sau nawa yarinyar nan ta zo ta tsaya? Hannun riga jiƙe, ido ja. Ta dubi wayar, ta dube shi… Baba, ko a kawo shayi? Ko ɗaga kai bai yi ba, hannu ya kaɗa mata. Famfo na ta zuba, har ya yi tsaki, ya ce 'ya'yan zamani ba su san tattali ba. Akwai wayar bakin titi, akwai. Amma motar da jiniya za ta zo, a fito da shi ta gaban kujerar nan. Sai suka zaɓi manja.

Wani kafinta da aka kawo masa kan shan giya, a can baya… ubansa tsoho ya cire hula, ya durƙusa a zaure, a rufa min asiri. Ba a rufa ba. Da yamma ana cin abinci Alƙali ya ba da labari, yara na saurare: ɗan da na kama da kwalba, ranar ya rasa uba. Tarbiyya ke nan. Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma laifi ba ne uba ya ja kunne. Yara ne masu jin magana. Sun ji.

Ga masu motar asibitin sun shigo, Baturiya da Bature. Matar ta juya shi kan gefensa, ta sa yatsa ta share masa baki, tana faɗa da Turanci, wa ya sa shi a ruwa, me ya hana ku kira? Zuberu ya sunkuyar da kai. Murja ta dubi ubanta, ta kawar da ido. Mutum ɗaya zai bi, in ji su. Shi uban ya shiga, ba hula.

Motar na jijjiga. Hannun yaron sanyi ƙalau, kamar randa… ya riƙe, yana murzawa. Ya Hayyu ya Ƙayyumu. Leɓe ya motsa, ido a rufe.

"Zuberu… don Allah… kar Baba ya sani."

Ya ce masa me? Ni ne? Muryar da ta cika kotu, yanzu ina zai kai ta, in yaron ya ji ta ya ƙara nutsewa fa? Ya sunkuya, ya ƙanƙance murya har shi ma bai gane ta ba.

"To… ba zai sani ba."

Yatsun suka ɗan matse nasa.