Inci Biyu a Lungun Soron Ɗinki

Mako uku Tajuddeen ya yi yana zaɓen faifan ƙarfen da ake sawa a bayan taya, domin a-kori-kurarsa ta buɗe ƙafa ta daina tangaɗi da kaya. Ya ƙirga ramukan noti, ya auna kauri, ya ƙi na araha. Tun safe yana tsaye a kan bakanike har aka ƙara wa kowane gefe inci guda. Abin da bai auna ba shi ne lungunsu, wanda ya shekara tara yana shiga da ƙyar.

Da ya dawo ya kutsa lungun, tayar dama ta ciji dakalin tsohon maƙwabcinsa Malam Ashafa, ta hagu ta zurma kwata. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Bango ya tokare ƙofa ɗaya, dakali ya tokare ɗayar. Ya danne ham cikin fushi, yana shirya maganar da zai yaɓa wa tsohon.

Sai ga mutane sun fito daga soron Malam Ashafa ɗauke da makara.

Ya janye hannu. "Baba, wa ya rasu?" ya tambayi wani dattijo ta taga.

"Mai dakalin. Da hantsin nan."

Lungun ba shi da wata mafita. Babu wanda ya zage shi, shi kuwa ya fi son a zage shi. Maza huɗu suka tuɓe takalma suka hau motar, aka miƙa makarar hannu da hannu ta samanta. Yana zaune gumi na tsiyaya, yana jin rufin yana lotsawa a saman kansa.

Suka wuce wurin sallar jana'iza, suka bar shi riƙe da sitiyari.